Ganyen Gwanda

Mma Fusena ba ta taɓa jin kalmar inzayim ba.
Amma ranar da Baba Sanda ya aiko daga mayanka
da naman tsohuwar saniya, mai tauri kamar igiyar guga,
ba ta yi masa faɗa ba.
Ta aike ni bayan gida in tsinko ganyen gwanda,
ta murza shi har ya zubo farin hawaye,
ta naɗe naman, ta kife kwano a kai.
Ta ce, “Bar shi. Akwai mai aiki a ciki.”

Sai bayan shekara goma sha ɗaya na ji sunan mai aikin.
A Tek, cikin ajin da fanka ɗaya ke lilo,
malami ya zana sarƙa a allo, ya ce ga furotin,
ƙwaya na bin ƙwaya kamar carbi.
Iri ashirin ne kacal,
amma yadda aka jera su, da yadda sarƙar ta naɗe kanta,
shi ya raba gashi da farin ƙwai.
Sannan ya zana almakashi.
Ya ce wannan a ƙaron gwanda yake zaune,
aiki ba ya cinye shi, lada ba ya karɓa,
ya yanke, ya saki, ya juya ga na gaba.
Na yi dariya ni kaɗai a layin baya.

Na koma Aboabo baki cike da labari.
Na ce, Mma, tauna tuwon nan, kar ki haɗiye.
Ta tauna tana harara ta.
Can ta ce, “Ya soma zaƙi.”
Na ce yawunki ne ke kwance sitaci
yana mai da shi sukari.
Ta ce, “Ashe kuɗin makarantar a yawu ya ƙare.”
Ta haɗiye.

Sauran duk ta riga ni sani.
Kullun koko ba ya tsami da wuri in gari ya kwana da ruwa.
Ɗumi na zaburar da shi, tafasa na kashe shi.
Ƙwan da ya dahu ba ya komawa ruwa
ko limamin unguwa ya tofa masa.

Yanzu ni ce da farar riga
a ɗakin gwajin asibiti, can Bantama.
Ranar wata Talata kwalba ta iso,
jini bai kai tsawon yatsa ba,
sunanta a jiki, an ma rubuta shi ba daidai ba.
Mako uku ke nan idonta kamar an wanke shi da gangamau.
Inji ya juya, ja ya kwanta ƙasa, ruwa ya tsaya sama.
Waɗanda ya kamata su zauna cikin hanta
suna aikinsu ƙofa a rufe,
ga su a jini, ɗari bisa ɗari,
kamar ’yan haya da bangon gida ya tsage musu da dare.

Lamba ba ta san kaka ba.
Na sake gwadawa.
Ta maimaita.

A tirotiro na rungume jaka,
yaron mota na kiran Asawasi, Aboabo,
sau biyu ya taɓa ni kafin in miƙa kuɗi.
Na iske ta a tabarma, ta rame har zobe na yawo a yatsa,
tana nuna wa Hamdiya yadda ake murza ganye.

“Me takardar ta ce?”
Na ce, ma’aikatan sun fito daga wurin aiki, Mma.
Ta daɗe tana kallon kwanon da ke kife.
“To, a ba su lokaci.
Nama ma ba nan take yake laushi ba.”

Na karɓi ganyen daga hannun Hamdiya.
Ƙaron ya shiga tsagar yatsana, yana ci a hankali.
Shi bai san wanne ne naman saniya ba,
wanne ne nawa.