Hannuwan da Leontina Ta Ji

Sun share tsohon siton kwastan na Valparaíso,
sun wanke ƙarnin kifi da lemun tsami,
suka rataye mu a bango, mu talatin da huɗu.
Na gangaro daga tudu, ni da sandata,
in ga yadda nake sa'ad da nake mutum.

Ga Baldomero nan, begila ta kumbura masa kumatu,
jijiyar wuya kamar igiyar ɗaure jirgi.
Shekara tara ke nan da muka kai shi makwanci,
amma a nan bai sauke numfashin ba tukuna.
Ga Clotilde, baki a buɗe, ido a rufe,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙarƙashin tebur.
Haka take waƙa. Wa ya lura, in ba Leontina ba?

Leontina Barraza ba ta taɓa jin ɗayanmu ba.
Zazzaɓi ya toshe mata kunne tana 'yar bakwai.
Ubanta mai fentin kwalekwale ne,
a wurinsa ta koyi rubuta sunan jirgi da lamba,
ja a kan fari, da sauri, kafin teku ta ciko.
Daga nan allon mahauta, allon aski, farashin burodi,
duk abin da zai kawo kuɗin buroshi da kananzir.

Da dare sai ta zo inda muke kiɗa,
ta zauna a ƙasa, ta tuɓe takalmi,
ta ɗora tafi a kan katakon dandamali.
Wata rana na tambaye ta da hannu: me kike samu?
Ta kama yatsana ta aza a haƙarƙarinta.
Ashe nan gangar Evaristo take sauka.

Shekarar da gobara ta lashe unguwarsu
zane sittin suka tafi, har da na uwarta.
Ta sauko da kyanwa a hammata da gwangwanin shuɗi ɗaya.
Mako biyu ba mu gan ta ba.
A na uku ta zana mu da gawayin ƙofar gidanta
a bayan kwalin sabulu.
Ga shi can kusa da taga.
Wani mai kwat ya taya, ta girgiza kai.

'Yan jarida suna zagayawa da kofuna a hannu,
wai launinta yana da amo.
Su suka sani.
Ni dai abin da na gani, ba ta ba ni fuska ba.
Hannuwa kawai a kan jita,
da farcen da ya tsage, da tabon ƙugiyar kifi,
da ƙaramin yatsan da kullum yake makara,
kuskuren da na ɓoye wa masu kunne shekara arba'in.

Ta hango ni daga can, kai fari fat,
fenti a ƙarƙashin farce duk da sabuwar riga.
Ta ratso taro ba ta gai da kowa ba,
ta riƙe hannun nan da yanzu ke rawa ba kiɗa,
ta juya shi, ta duba, kamar mai tayin kifi.
Sannan ta buɗe jaka
ta zaro fensir.