Ƙwandalar Orval

A Laughlin, bakin kogin Kolorado,
inda ɗaki bai da taga, bango bai da agogo,
nake raba karta a teburin foka na shida.
Sunana Luzviminda, amma allon da ke ƙirjina
haruffa uku kawai ya iya ɗauka: Luz.

Takardar albashina, in ka gani sai ka yi dariya,
ba ta kai hayar ɗaki da man mota ba.
Cikon yana hannun waɗanda suka ci,
in sun tuna.
Ni kuwa an hana ni tuni.
Ba roƙo, ba gyaran murya,
ba bin tulin da na tura wa mutum da ido
kamar kyanwa a gindin mai suya.

Ƙa'idar ba a rubuce take ba.
In ka ci tuli, ka gangaro da fara guda,
ta dala ɗaya, bisa koren ƙyalle,
ba hannu da hannu ba, akwai ido a rufi.
In tulin ya yi tudu, ka ƙara.
In ɗan mitsitsi ne, riƙe abinka,
ba mai harararka.
Ni sai in ƙwanƙwasa ta sau biyu a bakin tire
don kyamara ta shaida,
in ce na gode, ta faɗa aljihun riga.

Daren Talata wani yaro mai baƙin tabarau
ya kwashi dala dubu da ɗari huɗu da sarki uku.
Ya jera su hawa-hawa kamar mai ginin bene,
ya ce sa'a ta fi sammako,
ya tashi ko waiwaye babu.
Na yi murmushi. Shi ma cikin aikin yake.

Delphine kuwa, mai zobba a kowane yatsa,
in ta ci, ja take jefo mini, ta dala biyar,
ta kira ni 'yar albarka.
In ta faɗi, ni ce mai farar ƙafa.
Hannu ɗaya ne fa, Delphine,
bai san fuskarki ba, bai san ta kowa ba.

Sai Orval.
Shekara talatin yana jan tirela tsakanin Reno da Tucson,
yanzu gwiwa ta ajiye shi a kujera ta huɗu.
Ko tulin ya kai bakin hularsa,
ko bai kai kuɗin kofi ba,
fara ɗaya ce, da ɗan yatsa yake turo ta,
ya ce, “Na direba.”

Jiya karta ta juya masa baya tun magariba.
Ƙarfe biyu ya tura duk abin da ya rage
a kan tara biyu,
ni da hannuna na buɗe wadda ta kashe shi.
Ya zauna jim.
Ya laluba sandarsa, ya ɗaga hula,
sai ga fara ɗaya a cikin naɗinta,
ya ajiye ta tun kafin wasa ya fara.

Wanda ya faɗi ba ya tukwici,
ko baƙon jiya ya san wannan.
Na buɗe baki, ya riga ni:
“Hanya ce ta yi gargada. Tuƙinki lafiya lau.”

Na ƙwanƙwasa sau biyu.
Na goden ta maƙale a wuya.

Rabin awa ta cika, mai canjina ya dafa kafaɗata.
Na tafa, na nuna wa rufi tafin hannu,
babu komai, babu komai.
A mota na ƙirga ɗari da goma sha bakwai.
Ɗaya ban kai ta wurin canji ba,
tana nan kusa da sitiyari,
tana ƙara duk sanda na hau gada.