Ta Bakwai

Daga kwanar Rikkos zuwa ƙofarmu
turakun fitila goma sha ɗaya ne.
Da ƙafa na ƙirga su, ba da ido ba.

Na farko ya rusuna tun ranar da tifa ta goge shi.
Na uku an kwashe masa batir,
an bar masa faranti yana kallon sama
kamar mai jiran canji.
Na biyar, hotunan 'yan takara
sun yi masa riga uku.

Fitila ta bakwai kaɗai ke ci.
A gindinta Asabe ke juya awara,
tana kore shinge daga bakin kasko.
Ɗanliti na bitar lissafi,
hannuwa cikin hammata saboda sanyi.

Sauran huɗun duhu ne.
Nan nake rage sauri,
in ce wa ƙafata:
ke kika san inda ramin yake.