Ɗinkin da Aka Bari Buɗe

Ni tela ne a kasuwar Tawa,
shekara goma sha tara ina taka keke,
ban taɓa ba mutum riga da baki buɗe ba.

Daren da Habsu ta sauka
ungozoma Tsahara ta fito ba guɗa.
Ta ce, Arzika, mace ce, zo ka gani da idonka.
Ta kife yarinyar a tafin hannu, ta haska tocila:
can ƙasan gadon baya wani ɗan nama,
tsawon ƙaramin yatsana, laushi kamar fatar kunne,
da ɗan lotsi a gindinsa.

Kafin hantsi maganar ta riga ni zuwa rumfa.
Wai jela.
Wai Habsu ta tsallake akuya da tsohon ciki.
Masu kawo ɗinki suka yawaita, ba yadi a hannunsu.

Ran suna wanzami ya wasa aska,
ya ce abin ƙiftawar ido ne, in cire, a rufe zance.
Na san ɓarnar almakashi
in ka yanke zare ba ka san inda ya nufa ba.
Na ce a yi mata askin kai kawai.

Lokotoro ya ɗaga hoto ga hasken taga,
ya ce ƙashin bai gama haɗewa ba tun tana ciki,
kuma akwai zare daga naman nan zuwa laka,
in ta girma zai iya jan ƙafa, ya ja fitsari.
Na ce, wato ɗinki ne aka bari buɗe.
Ya yi murmushi, ya rubuta takardar Yamai.

Na sai da keken.
Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso,
Habsu na riƙe da ita rub da ciki a cinya,
kowane ramin hanya a bayana ya sauka.

Awa huɗu muna bakin ƙofa.
Ran da aka ɗaga auduga na leƙa aikin:
ɗinki tara, a jere, ba tattara.
Ban san hannun ba, amma na gaishe shi.

Yanzu Mintu wata bakwai.
Sun ce a dawo, a yi ta dawowa,
ba wanda ya yi mana alkawarin tafiya.
Kullum da asuba, kafin in nufi keken aro,
nakan sosa tafin ƙafarta.
Ta dama na noƙewa.
Ta hagu, jiya, kamar ta motsa.
Habsu ta ce ita ba ta gani ba.