Na Huɗu

A shagon Barau, bayan kasuwar Samaru,
inda wayoyi ke kwance da cikinsu a buɗe
kamar masu jiran likita,
Tanimu ya daki benci ya ce:
"Na huɗun nan ba Rijiyar Taurari ba ne.
Sunan kawai suka ara, kamar rigar zuwa biki."

Na ɗaya mun buga shi muna 'yan sakandare,
kai biyar a kan allo guda mai tsaga a kusurwa.
Na biyu ya cinye mana hutun ƙarshen zango.
Na uku kuwa, ko Barau da bakinsa ba ya yabo
sai da ya ce a gaishe su.
Na huɗu ya zo ya raba mu kamar gadon gona.

"Ina takobin?" in ji Tanimu. "Ina dodannin?
Sun ba ni tsoho mai tuƙa kwalekwale,
gwiwarsa na ciwo, jakarsa gishiri da zare.
Awa shida ina kai saƙo ƙauye-ƙauye
kamar ɗan acaɓa.
Kuɗin wata uku na sayar da katin waya!
Can suka ce in zaɓa: hanyar dutse ko ta fadama.
Na bi ta dutse, yarinyar ta mutu a gada.
Na koma na bi ta fadama, ta mutu a gada.
To zaɓin na mene ne, in ba rainin wayo ba?"

Kyauta ba ta ɗago ba, gyaɗa take ɓarewa
tana tara ɓawon a kan kwalin caja.
"Kai wasan da zai yi maka biyayya kake so.
Ni na buga shi lokacin yajin aiki,
a barandar asibitin Shika, Baba na ciki,
ruwa na ɗiga a hannunsa.
Mu ma an ce mu zaɓa, tiyata ko magani.
Mun zaɓa."

Wata babbar mota ta wuce ta hanyar Funtuwa,
kwalaben shagon suka yi rawa suka bari.

"Ta dutse," ta ce, "yarinyar na ba ka labarin uwarta.
Ta fadama tana koya maka sunayen tsuntsaye.
Abin da aka ba ka ke nan,
kai kuma kana ta danna wuce, wuce, wuce."

Tanimu ya sosa ƙeya.
"Allah Ya jiƙan Baba.
Amma faɗan cikinsa shirme ne, Kyauta,
hoton na juyawa kamar mai hajijiya."
"Wannan kam gaskiyarka," ta ce,
"kuma kwalekwalen na maƙalewa a ciyawa
sai ka kashe ka sake kunnawa."
Dariya ta zo, ba ta daɗe ba.

Sai aka ɗauke wuta.
Barau ya girgiza janareta, ko ɗigon mai babu.
A duhu musun ya ci gaba da tafiya da ƙafa,
har Tanimu ya haske ni da fitilar waya:
"Kai fa, malam shiru? Raba mana gardama."

Shekara biyu ke nan ajiyata na nan,
taku goma kafin gadar.
Tsohon na ɗinkin raga,
yarinyar na jifan ruwa da tsakuwa,
rana ta tsaya a la'asar ba ta faɗuwa.
Wani dare in kunna in dube su,
in ga kowa lafiya, in kashe.

Ban faɗa musu ba.
Na kare idona daga hasken, na miƙa hannu cikin gyaɗar,
na ce, "Ni dai na uku ya fi."