Kilo Biyar daga Braga

Ƙarfe ɗayan dare a Setúbal,
jirgin fito na ƙarshe ya daɗe da ɗaure igiya,
ni kuwa ina gaban kwamfuta, tabarau a karan hanci,
ina cinikin biri a sama.
Hoto guda ne, shi ma dishi-dishi:
tsibin kwandaloli a cikin robar wanki,
an rubuta, "Kilo biyar, gauraye, ba a tsince ba."
Ba a tsince ba!
Na san ƙarya ce kamar yadda na san sunana Anselmo,
amma yatsana ya riga hankalina.
Wani ya ƙara yuro biyu a gwanjon,
na ƙara uku don haushi.
Ya tafi barci. Na ci.

Ran Alhamis Telmo mai kawo saƙo ya hau bene yana haki,
ya dire kwalin, ya dafe ƙugu:
"Tsoho, duwatsu kake saye?"

Na shimfiɗa tsohon tawul ɗin Idalina a tebur,
na juye.
Wannan ƙarar! Shekara talatin na yi ina jin ta
a tagar sayar da tikitin jirgin ruwa,
kafin yuro ya zo ya rufe mata baki.
Warin tagulla da gumin mutanen da suka shuɗe
ya cika ɗakin girki.

Sai tsinta, kamar mai fid da tsakuwa a shinkafa.
Peseta, peseta, peseta kuma.
Lira mara nauyi, iska ma ta raina ta.
Eskudo namu, jirgin da ke jikinsa ya goge har ya nutse.
Ɗaya mai huji daga Denmark,
ɗaya daga ƙasar da babu ita a taswira yanzu,
maɓallin riga, da wani ƙarfen injin wanki
da ya saje cikin manya ba kunya.
Azurfa? Ko ƙwayar gero.
Mai robar ya riga ni kala.

Can ƙasa, inda dattin ya taru,
wata 'yar takarda a naɗe, an ɗaure da zare baƙi.
A ciki eskudo biyar, talaka a cikin talakawa,
irin wanda nake da guda arba'in a gwangwani.
Rubutun fensir, hannun mace ina ji:
"Na farko da Duarte ya kawo gida. Afrilu, 1968."

Na ajiye gilashin dubawa.
Shayina ya huce.

Wane Duarte? Dako ya yi, ko burodi ya raba?
Uwar da ta ƙi kashe shi, ko a ranar da babu mai a tukunya,
wa ya rufe mata ido?
Na rubuta wa mai kayan. Ya amsa da layi guda:
"Kwasar gida ce, ban san su ba. Akwai wani kilo shida, kana so?"

Ran Lahadi Graça ta zo da miyar kabeji.
Ta dubi tebur, ta dubi akwatuna ƙarƙashin gado,
ba ta ce komai ba, amma na ga idonta yana awo.
Bayan ta tafi na jawo sikelin banɗaki,
na ɗora su ɗaya bayan ɗaya.
Kilo talatin da ɗaya, har da kwalayen.
Wata rana wani zai ɗauke su hoto dishi-dishi.

Littafin farashi bai san eskudon Duarte ba,
don haka bai shiga kundi ba.
Na mayar da shi takardarsa, na ƙulla zaren,
na sa shi a kofin da Idalina ke ajiye allura.
A bayan takardar na ƙara, da nawa fensirin:
"Ya kwana wajen Anselmo."

Kilo shidan nan kuwa,
gwanjonsa zai rufe gobe da tara.