Kejin da Na Ƙera

Ni mai walda ne a Muciya.
Ƙofa nake yi, da taga, da gadon ƙarfe.
Sau ɗaya tak na ƙera keji don ɗan Adam,
kuma ƙanena ne ya shiga.

Lurwanu. Tun yana aji uku
yake kayar da sa'o'insa a yashin Kubanni,
ya dawo da ƙasa har cikin kunne,
Inna ta bi shi da tsintsiya.
Ya girma, ya ɗaure hannu da zare,
ya yi rani biyu a gidan dambe,
sannan ya ce hannu ɗaya ya yi masa kaɗan.

Bitrus na Wusasa, tsohon ɗan judo mai ɗingishi,
shi ya ce masa: Yaro, a dambe in ka faɗi an gama,
a nan faɗuwa sallama ce,
bayanta ake shiga gida.
Ya koya masa shaƙa, da murɗe gwiwar hannu,
da abin da ya fi ɗaci ga jikan mahauta:
in an kama ka, ka bubbuga ƙasa, ka ce na bi.

Na sayo waya a Sabon Gari,
na auna kusurwa takwas, ta takwas ta karkace.
Muka shimfiɗa tsofaffin katifun makaranta.
Maƙwabta suna leƙe ta katanga,
suna tambaya ko kura za mu ajiye.

Wasan farko a Kaduna, dubu goma sha biyar.
Mota ta ci huɗu, ɗinkin gira ya ci shida,
ya sayo wa Inna lemo da sauran.
Na biyu ya sha kaye. Na uku ma.
Bai yi magana ba daga Kawo har Kwangila.

Na ga ranar awo, ban so na gani ba:
ya naɗe jiki da leda cikin zafin bazara,
yana tofi a gorar ruwa,
namijin da ke cinye malmala uku
yana tsotsar ɓawon lemo don sikeli ya yarda da shi.

Daga nan Legas ta kira, aka sa hannu a takarda.
Kunnensa ya dunƙule kamar ƙosai.
Ya fara hawa jirgi.
Daren da ya kara da wani dogo a ƙasar waje
mun cika gidan kallo a Tudun Wada, ba masaka tsinke,
zagaye na biyu janareta ya mutu.
Muka tsaya cikin duhu, kowa da tocilan waya,
sai ga kira, muryarsa a dishe:
Yaya, na shaƙe shi. Ka gaya wa Bitrus.

Shekara bakwai ke nan da ya ci a cikin waya.
Ya rufa wa Inna ɗaki da kwano,
ya biya wa Barira kuɗin karatun jinya.
Sai gwiwa ta yi ƙara, ƙas,
irin ƙarar da nake ji in ƙarfe ya gaji.
Likitan Shika ya duba hoto ya girgiza kai.
Lurwanu ya daɗe yana kallon silin,
sannan ya bubbuga gefen gado sau uku.

Yanzu da asuba yana buɗe kejina.
Yara tara, har da 'yar mai shayi, Ummita,
wadda ke harbi kamar an taɓa ta da wuta.
In sun tambaye shi lissafi sai ya ce:
Sha ɗaya na ci, huɗu aka ci ni,
ku zauna in ba ku labarin huɗun.

Jiya na zo da injina zan miƙe kusurwa ta takwas.
Ya riƙe mini hannu.
Bar ta, Yaya, ya ce.
A nan na koyi yadda ake fita in an matse mutum.